Yaya Ake Cewa "Da Na Sani" da Turanci?

Malama, barka da aiki. Shekaruna 27. Shekara biyu da suka wuce na ga sanarwar tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje. Na fara cika fom ɗin har na kai rabi, sai tsoro ya kama ni cewa Turancina bai kai ba. Ina yau ina gobe har ranar rufewa ta wuce. Ƙawata da muka ga sanarwar tare ta tura nata, aka kuma ɗauke ta. Yanzu ina shirin jarrabawar IELTS, wadda ake auna ƙwarewar mutum a Turanci da ita. A wurin gwaji malaminmu ya miƙo mini katin da ke cewa in ba da labarin wata dama da ta kuɓuce mini. Na ce "If I applied, I will get it", na ƙara da "I wish I have applied". Ya gyara mini duka biyun, ban gane gyaran ba, sai ga hawaye. Da na ba yayana labari kuma ya ce ai bai ma dace Musulmi ya riƙa cewa "da na yi kaza" ba. Don Allah yaya ake faɗin nadama daidai da Turanci? In kuma wannan tambayar ta fito mini ranar jarrabawa, in ƙirƙiri wani labarin ne ko in faɗi nawa?

Ƙanwata, sannu. Katin nan fami ya yi miki, kuma da wuya mutum ya tsaya nazarin nahawu alhali an taɓa masa inda yake yi masa ciwo. Saboda haka kada ki ɗauki abin da ya faru a ajin nan a matsayin shaida cewa tsoronki na shekara biyu da suka wuce gaskiya ne. Wannan babin na faɗin nadama yana cikin waɗanda ake jinkirta koyarwa sai ɗalibi ya yi nisa. A ma'aunin matakan harshe da Majalisar Turai ta wallafa a 2001, wanda ya tashi daga A1 ya tsaya a C2, yawanci sai a B1 zuwa B2 ake kawo shi. Wanda ya iso wurin har yake tuntuɓe a kai, ya riga ya wuce matakin farko.

Bari mu fara daga harshenmu, don a can ruɗanin ya samo asali. Mu muna da kalmomi biyu na sharaɗi. Akwai "in" ko "idan", ta abin da ƙofarsa ke buɗe: in na tura, za a ɗauke ni. Akwai kuma "da", ta abin da bakin alƙalami ya riga ya bushe a kansa: da na tura, da an ɗauke ni. Ki lura, "na tura" bai sauya ba a jimlolin biyu. Ƙaramar kalmar nan ta farko ita ke ɗauke da kayan duka. Shi kuwa Turanci kalma ɗaya gare shi, wato "if", ita ce "in", ita ce kuma "da". To ta yaya mai sauraro zai gane wadda ake nufi? Sai masu harshen suka ɗora nauyin a kan aikatau, wato kalmar aiki. Duk sa'ad da magana ta ƙara nisa da abin da ya faru da gaske, sai aikatau ya ja da baya taki ɗaya cikin lokaci. Masanin nahawun nan ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, wanda ya rasu a 1943, ya kira wannan amfani da lokuta don zato, domin shuɗaɗɗen lokacin da ake gani a jimlar ba jiya yake nunawa ba, nisa da gaskiya yake nunawa.

Ga yadda takun yake. "If I apply, I will get it" na nufin in na tura zan samu, ƙofa a buɗe take. "If I applied, I would get it" an ja baya taki ɗaya: zato ne a kan yau ko gobe, abin ba ya faruwa amma lokacinsa bai wuce ba. "If I had applied, I would have got it" an ja taki biyu, kuma ita ce tamu ta "da na tura, da na samu". Abin da kika yi a aji shi ne kin ɗauko kan ta biyu kin manna masa jelar ta farko. Malaminki ya ji "applied" ya zaci zato kike yi, ya ji "will" ya zaci alkawari kike ɗauka, alhali ke nadama kike nufi.

Jimlar nadama kafaɗa biyu gare ta. A ɓangaren "if" ana sa "had" da siga ta uku ta aikatau. A ɗaya ɓangaren ana sa "would have" da siga ta uku. Siga ta uku ita ce ta ƙarshe a jerin nan da aka sa mu haddacewa: go, went, gone, see, saw, seen, write, wrote, written. Aikatau masu bin ƙa'ida ba su da matsala, tun da ta biyu da ta uku duk "ed" suke ƙarewa da shi. Marasa bin ƙa'idar, waɗanda suka kai wajen 200, su ne ke kayar da mutane, har ka ji wani ya ce "I should have went" maimakon "gone". Ba duka kike buƙata ba. Ki riƙe waɗanda labarin nadama ke yawan jawowa: known, taken, done, gone, spoken, written, sent, told, chosen, begun. In kin ji Ba'amurke ya ce "gotten" inda ɗan Ingila ya ce "got", duk daidai ne, ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai.

Wani tarko da ke nan shi ne sha'awar daidaita kafaɗun biyu. Tun da mu "da" biyu muke jerawa, ɗaya a kowane ɓangare, sai harshe ya so ya jera "would" biyu: "If I would have known, I would have come". Za ki ji wannan a bakin wasu Amurkawa cikin hira, amma a rubutu da jarrabawa kuskure ake ƙirga shi. "Would" ba ya shiga ɓangaren "if" a wannan jimla.

Sai jimlarki ta biyu. "Wish" shi ne "ina ma" ɗinmu, kuma dokar ja da baya ɗin nan ita yake bi. Ina ma na san amsar yanzu: "I wish I knew the answer". Ina ma na tura a wancan lokacin: "I wish I had applied". Kalma ɗaya kawai kika kuskure, kin sa "have" a gurbin "had". In kina son ƙara wa maganar zafi sai ki ce "If only I had applied", wadda ta fi kusa da "kaico, ina ma". Ina ba ki shawara ki rage amfani da ita, sau ɗaya a labari ya isa, don in ta yi yawa maganar kan koma kamar wasan kwaikwayo. Ki kuma raba "wish" da "hope". Mu "fata" muke cewa a wurare da yawa, shi ya sa ɗalibi kan ce "I wish I pass" yana nufin yana fatan cin jarrabawa. Abin da ake sa ran zai yiwu "hope" yake ɗauka: "I hope I pass". "Wish" na abin da ya gagara ne.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan zauna, domin nan ne nahawun ya shafi zuciyarki kai tsaye. Akwai 'yan'uwa huɗu da duk suke ɗaukar "have" da siga ta uku, amma kowanne da abin da yake faɗa a kan mai maganar.

"I should have applied" hukunci ne: kamata ya yi a ce na tura, ban tura ba, na yi kuskure. Kishiyarsa "I shouldn't have waited", bai kamata in tsaya jira ba. "Ought to have" ma'anarsu ɗaya, sai dai ba a cika jin sa ba. In kika juya wannan sigar kan wani, kika ce "You should have told me", to zargi ne, kuma haka zai ji shi, don haka a yi hattara da ita a wurin aiki. "I could have applied" ba hukunci a ciki, bayani ne kawai: ina da halin yi, ban yi ba. "I would have got it" kuwa tabbaci ne, kina cewa babu makawa da na samu. Na huɗun shi ne "I might have got it", wato wataƙila da na samu.

Ki dubi biyun ƙarshen nan da kyau. A wasiƙarki, ko da jimlar ta karye, tabbaci kika yi: in da kin tura, da kin samu. Daga ina kika san haka? An ɗauki ƙawarki, gaskiya ne, amma irin wannan tallafi masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma ana barin ƙwararru da dama a kowace shekara. Abin da kika rasa tabbas shi ne shiga takara. Ko za ki ci takarar, wannan ba wanda ya sani sai Allah. Jimlar da ta dace da halinki ita ce "If I had applied, I might have got it". Ba don in lallashe ki na faɗi haka ba. Ita ce ta fi daidai da abin da ya faru, kuma ina ganin shekara biyun nan kina ɗauke da nauyin "would" ne alhali "might" ne kayanki.

Akwai ɗan'uwansu na biyar da ba ya cikin gidan nadama sam, amma yakan yi shigar burtu: "must have". Da yake an koya mana "must" na nufin "dole", sai mutum ya ce "I must have applied" yana nufin dole ne a ce ya tura. Bature zai fahimci cewa kina hasashe ne, kamar kin ce lalle dai na tura, mantawa na yi. "She must have forgotten" na nufin da alama mantawa ta yi. Ki ajiye shi gefe.

Wata siga da za ta yi miki amfani ƙwarai ita ce mai haɗa jiya da yau. Dalilin ya wuce, amma sakamakonsa yana nan ana ciki: "If I had applied, I might be studying abroad now". Kan jimlar na baya ne, jelarta ta yanzu, saboda haka ba "have" a ɓangare na biyu. Masu koyo da yawa suna tsoron ta don suna ganin ta karya tsarin da aka ba su, alhali a maganar yau da kullum ana yin ta sosai, tun da yawancin nadama a kan halin da mutum yake ciki yau take. A rubutu na hukuma kuma ana iya jefar da "if" a juya kan jimlar: "Had I known, I would have applied". Wannan ita ce fassarar "da na sani" mafi gajarta.

Shi kansa aikatau ɗin "regret" fuska biyu gare shi. In "ing" ya biyo shi, nadamar abin da ya wuce ce: "I regret waiting", ko "I regret not applying". In "to" ya biyo shi, gabatar da labari mara daɗi ne, kamar "We regret to inform you", wadda wasiƙun ƙin ɗauka ke buɗewa da ita. Ina jin wannan layin ne kika guje wa karantawa shekara biyu da suka wuce. Mutane da yawa sun gwammace su bar fom a rabi da su ga waɗannan kalmomi biyar a akwatin saƙonsu, kuma na fahimci dalili. Amma masana halayyar ɗan'adam biyu, Thomas Gilovich da Victoria Medvec, sun nuna a bincikensu da suka wallafa a 1995 cewa abin da mutum ya aikata ya ɓaci yakan yi zafi ne a kusa, sannan ya huce, shi kuwa abin da aka ƙi aikatawa shi ne ke daɗewa yana cizo. Wasiƙar ƙi tana da ranar da ta zo da ranar da aka manta da ita. Fom ɗin da ba a tura ba, ba shi da amsa, shi ya sa zuciya ke ta rubuta masa amsar da ta ga dama.

Kafin mu bar nahawu, kunne ma yana da nasa aikin. Masu harshen ba sa furta "should have" rarrabe, dunƙule shi suke yi ya zama "should've", har ya yi kama da "should of". Daga nan ne wasunsu ke rubuta "should of" da "would of", kuma kuskure ne ko daga wa ya fito. Haka "I'd" yana iya zama "I had" ko "I would". A "If I'd known, I'd have come", na farko "had" ne, na biyu "would". Abin da ya biyo baya ke nuna miki: in siga ta uku ce, "had" ne, in "have" ne ko aikatau tsurarsa, "would" ne. Ki riƙa furta su a dunƙule da babbar murya har harshenki ya saba, don a ɗakin jarrabawa ba lokacin gina jimla bulo da bulo.

Maganar yayanki tana da tushe, kuma ya kyautu a ba ta haƙƙinta. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in wani abu ya sami mutum kada ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, ya ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Sai dai a hajjin bankwana shi da kansa ya ce da ya san abin da ya sani daga baya tun da farko, da bai koro dabbar hadaya ba, kuma Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. Malamai sun haɗa ruwayoyin biyu da cewa wadda aka hana ita ce "da" ta jayayya da ƙaddara da cizon yatsa mara amfani, irin wadda mai yin ta ke ganin dabararsa ce kaɗai za ta sauya abin da aka rubuta. Ta bayani da koyon darasi ba laifi. Ki kuma tuna wa yayanki, cikin ladabi, cewa a cikin hadisin nan na farko ne, kafin a kai ga maganar "da", aka ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza. Zaman da kike yi kina shirin jarrabawa yana cikin wannan.

To, ki ƙirƙiri labari ko ki faɗi naki? Jarrabawar baka ta IELTS minti 11 zuwa 14 ce, kashi uku. A kashi na biyu ake ba da katin, a ba ki minti ɗaya ki yi 'yan rubuce-rubuce, sannan ki yi magana har zuwa minti biyu. Abu huɗu ake aunawa, kowanne da nauyi daidai da ɗan'uwansa: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, faɗin nahawu da daidaitonsa, sai furuci. Gaskiyar labarin ba ta cikin abin da ake ba maki, ba kuma wanda zai bincika. Duk da haka ni naki nake so ki faɗa. Labarin ƙirƙira yakan ƙare wa mutum a daƙiƙa arba'in, ya tsaya yana kame-kame, shi kuwa na gaske yana da ƙananan abubuwa da suke zuwa da kansu: ranar da kika ga sanarwar, tambayar da kika tsaya a kanta, daren da kika buɗe kika tarar an rufe. Abin da ya rage shi ne ki faɗe shi sau da yawa, ke kaɗai, da murya, kina ɗauka a waya kina saurare, har ya daina shaƙe miki maƙogwaro. In mako biyu suka wuce yana nan da zafinsa, ki tanadi wani ƙarami wanda shi ma ya faru da gaske, kamar wani kwas da kika ƙi shiga, ki je da shi. Kada dai ki haddace amsa kalma da kalma, masu jarrabawar an horar da su su gane hadda.

Ga ƙashin bayan da za ki iya ginawa a kai, ki sa naman da kanki: "Two years ago I saw a scholarship and started the form, but I never finished it. I could have asked someone to check my English, but I was too afraid. Looking back, I shouldn't have waited so long. I wish I had sent it, even with mistakes. If I had applied, I might be doing my master's now." Ki lura jimlar farko labari ne tsantsa a shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum. Haka ya kamata yawancin minti biyun su kasance. Sigogin nadama uku ko huɗu a wuraren da suka dace sun fi goma da aka cusa don burge mai jarrabawa.

Ba ki faɗa mini wane tallafi ne ba, amma manyan irin su Chevening na Birtaniya da Fulbright na Amurka duk shekara ake buɗe su. Ki bincika naki yau, ki rubuta ranar buɗewa da ranar rufewa a inda idonki zai riƙa gani. Sakamakon IELTS kuma yawancin makarantu na karɓarsa ne cikin shekara biyu daga ranar jarrabawa, don haka ki daidaita ranar da za ki zauna da zagayen neman da kike hari. Ƙawarki ta riga ta bi hanyar, ta san tambayoyin fom ɗin da abin da aka tambaye ta a ganawa. Na san kiran zai yi miki nauyi, amma ki kira ta a makon nan ki roƙe ta ta duba miki rabin da kika cika.